Abin da Na Cusa a Huhun Goron Kawu Mani

Ni na yi laifi, ba Kawu Mani ba. Da wannan zan fara, domin tun da na dawo daga Maraɗi, can Nijar da muke kira ƙasar Faransa, abokan hirata na bakin tasha ba su bar ni na huta ba. Rabe, yaya ƙasar Faransa take? Gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda? Gaskiya ne goro ya ruɓe a hannun kawunka? Tambaya biyun farko da dariya nake amsa su. Ta ukun kuwa sai in sunkuyar da kai in ce Allah Ya kyauta, in bar mutane da zatonsu. Na gaji da haka. Ga tafiyar yadda ta kasance, zango zango, kowa ya san inda zai ajiye laifi.

A shekarun nan da kuɗin mai suka cika ƙasa, na bar Bugaje na tafi Kano ina leburanci a wurin gine-gine. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina ganin na fi kowa a garinmu wayewa. A can na koyi shan wiwi. A can kuma na ga wani abu a hannun wani direba mai zuwa Agadas, ɗan baƙin curi kamar daddawa, wanda daga wiwin ake fitar da shi. Ya ce Turawan nan masu dogon gashi da ke ratso hamada a tsofaffin motoci suna nemansa a Maraɗi ido rufe, har ya kwatanta mini wani mai facin taya a bayan tasha da ke karɓa.

Ba zan faɗi yadda ake yin abin ba. Ban ɗauki alƙalami don in koya wa kowa ɓarna ba, kuma gaskiyar magana ni ma ban iya ba. Na direban yana da santsi, yana lanƙwasuwa a hannu ba ya karyewa. Nawa kuwa kullum da cutarsa. Na farko ya bushe ya wargaje kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Na biyu ya ƙi bushewa sam, yana bin yatsa kamar maɗi. Da damina ta same ni a gida sai abin ya zama kamar yana da baki yana shan iska. Da safe in same shi da tauri, in hadari ya taso kafin la'asar ya yi laushi yana gumi. Wani ya yi hunhuna, fari fat kamar gemun tsoho, na jefar a masai. Da ƙyar na tsira da curi uku masu ɗan dama, kowanne kamar ƙwan agwagwa. Na naɗe su a takardar buhun siminti da na taho da ita daga Kano, na ɗaure da zare. In na miƙe a inuwa da rana sai in riƙa ganin kaina a kan sabon babur ja, ina shigowa Bugaje a hankali, kaji suna watsewa, mutane suna miƙewa daga tabarma suna dubana.

Kawu Mani yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin yana fataucin goro zuwa Maraɗi, kuma duk shekarun nan gida ɗaya yake sauka, gidan Alhaji Nomau. A wannan daminar Allah Ya yi wa Alhaji Nomau rasuwa, Kawu bai samu jana'iza ba, sai ya ƙudurta zuwa sadakar arba'in. Yana da wani huhun goro na daban, daushe, wato goron bara da aka adana har ya kwanta, farare manya, wanda ya yi wata takwas yana renonsa. Tun Nomau na da rai ya yi masa alkawarinsa. Ya ce tun da mai shi bai ci ba, a raba a kan sunansa.

Gwiwarsa na damunsa, sai ya aiko aka kira ni.

"Rabe, ka raka ni ka ɗaukar mini kaya. Kai ma ka ga wani wuri. Ba Kano kaɗai ce duniya ba."

Na amsa da sauri har ya dube ni. Kowa a yankinmu ya san kayan Kawu Mani ba a buɗe su a kan iyaka. Ana gobe tafiya ya gama jera goron a cikin ganyen fita, irin faffaɗan ganyen da ake naɗe goro da shi, bai kai ga ɗinke algararar da ke rufe huhun ba aka kira Azahar. Yana fita na zura hannu har gwiwar hannu, na cusa curin nan uku a tsakiyar goron, na mayar da ganye. Na san goro da laima yake rayuwa, wa bai sani ba? Amma na ce tafiyar wuni ɗaya ce, takardar siminti kuma tana da kauri. Ban taɓa zama na ga yadda Kawu ke kula da goro a hanya ba, don a lokacin ina ganin sana'ar ta tsofaffi ce.

Da hantsi muka isa tashar Jibiya. Ruwa ya taɓa mu a hanya, mura ta fara kama Kawu, yana ta jan hanci. Muka samu babbar mota mai bodin katako, an rubuta mata "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" a goshi, kuma wallahi ta cika sunanta. Direban, Sada, ya ce ba zai tashi ba sai ta cika. Komai na ƙasarmu arewa yake tafiya a lokacin: gangunan fetur, atamfa, sabulu, rediyo a kwali, har da wani mutum rungume da agogon bango kamar jariri. A gefenmu wata dattijuwa ta zauna, Hajiya Baraka, mai sayar da turaren wuta. Tun kafin mu tashi ta faɗa wa mai agogo cewa albasa ya ci da safe, ta faɗa wa Sada cewa man motarsa gauraye yake. Aka yi ta dariya. Ni ban yi sosai ba.

A shingen namu ba mu ɓata lokaci ba. Ma'aikatan kwastan suka leƙo, ɗaya ya ce, "A'a, Baba Mani, an fito? Ya haƙuri? Mun ji rasuwar mai masaukinka." Aka duba kayan wasu, namu ko kallo.

A shingen Nijar ne na fara ganin bambanci. Mun isa rana ta take, muka tarar an gicciye sanda a hanya, ofis a rufe, ba kowa sai wani rago ɗaure a gindin tuta. Ashe su can in rana ta yi tsaka kowane ma'aikaci gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, ba ya dawowa sai wajen la'asar. Mu da muka saba da ma'aikaci ya yi barcinsa a kan tebur, abin ya ba mu mamaki. Babu wanda ya yi gunaguni sai mu 'yan Nijeriya. Mutanen can suka shimfiɗa rawunansu a ƙarƙashin mota suka kwanta. Ƙasa na fitar da tururi bayan ruwan safe, iska ta tsaya cik, kuɗa ma a kasalance suke tashi. Na jingina da taya ina jin kamar duk duniya an jiƙa ta an rufe da faifai.

Sai na ji fuuu. Na waiga. Kawu ne ya sauke huhun zuwa inuwa, ya cika baki da ruwan buta yana fesa wa algarara. Ya fesa gefe huɗu, sannan ya zuba a tafin hannu ya riƙa shafawa yana dannawa don ruwan ya ratsa.

Na ce, "Kawu, ai damina ce. Iska ma da laima take."

"Goro ba ya shan ruwan sama," in ji shi. "Na hannun mai shi yake sha. Miƙo mini ɗayar butar."

Na miƙa masa.

Da la'asar ma'aikatan duwan suka dawo, haka suke kiran kwastan a can. Su biyu ne. Babban wani dattijo ne mai furfura a gashin baki, ana ce masa Mushe Garba, wato Malam Garba a Faransancinsu. Ƙaramin sabon zuwa ne, kakinsa ya sha guga, riƙe da wani dogon ƙarfe mai tsini da suke soka wa buhuna. Ya bi kaya ɗaya ɗaya har ya zo kan namu.

"Wanga na wa ne?"

"Nawa ne, ɗana," in ji Kawu.

"Mi ke ciki?"

"Goro."

"Kowa haka yake cewa." Ya ɗaga ƙarfen.

Mushe Garba ya yi magana daga inda yake zaune. "Aje ƙarhen nan. Huhun Mani ba a soka shi. Tun kana goye yake wucewa nan."

"To, in haka ne ya rantse mu gani," in ji ƙaramin.

Duk wanda ya taɓa ciniki da Kawu ya san ba ya rantsuwa. In ka yarda ka saya, in ba ka yarda ba ka ajiye masa kayansa. Amma ƙarfen nan in ya ratsa huhu zai raunata goro da yawa, kuma goron da ya ji rauni ruɓewa yake ya ja na kusa da shi. Kawu ya dubi ƙarfen, ya dubi huhun. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Wallahi babu komi cikin huhun nan sai goro da fitar da aka naɗe shi da ita. Na sadakar Nomau ne."

Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na ji maganar daga nesa, kamar yadda mai nutso a gulbi ke jin muryar na bakin gaɓa. Da na buɗe baki a nan da komai ya tsaya a kaina ni kaɗai. Ban buɗe ba. Aka ɗage sanda muka wuce.

Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani rami da ruwa ya ɓoye, muka ji ƙara a ƙarƙashinmu. Sada ya sauka ya leƙa, ya fito yana kaɗa kai, ya ce sifirin ya karye. Ya tari wata mota ya wuce Maraɗi neman wani, ya ce yanzu zai dawo. Yanzun nan tasa kwana biyu ta ɗauka.

Akwai wani ɗan ƙauye a gefen hanya, can muka sauka. Mai garin ya ba maza zaurensa, mata suka shiga cikin gida. Mutanen nan ba su daɗe da fita daga shekarun fari ba, rumbunansu duk a buɗe ba komai, amma ba mu yi wuni ɗaya da yunwa ba. Su fura ita ce abincin rana, ba ta marmari ba ce kamar a wajenmu. A kawo babbar ƙwarya da ludayi ɗaya, a zauna a kewaye, ka sha ka miƙa wa na damanka, mai gari da baƙo duk ɗaya. Hausarsu tamu ce, sai dai ta fi nauyi a baki, kuma suna ce wa mota mato, makaranta lakwal. Mu kuma suna kiranmu mutanen mai. Wani tsoho ya tambaye ni da gaske ko a Kano man fetur daga rijiya ake ɗebo shi da guga.

Akwai wani Buzu da ya rasa dabbobinsa a farin, yana zaune a ƙauyen. Shi ya riƙa dafa mana shayi a wata 'yar buta kamar ta wasan yara. Sai ya ɗauki fiye da awa yana zuba shi daga sama zuwa ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake zubawa, har kumfa ta taso. Na ce masa, "Malam, ai ya dahu tuni, a sha mana." Ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "Ina za ka?" Na gyara zama na ci gaba da jira. Kwana biyun nan haka suka wuce, ba safe ba yamma, gero na kaɗawa a bayan zaure, hadari ya taso ya zuba ya wuce, wani ya taso. Wani lokaci har in manta da abin da na yi, in ji kamar tun fil azal a ƙauyen nake.

Abin da ke tuna mini shi ne fuuu ɗin Kawu. Safe da yamma sai ya ba goron ruwa, ya juya huhun, na ƙasa ya koma sama. Yana yi yana ba ni labarin Nomau. Ya ce Nomau in ya ɗauki farin daushe ba ya fasa shi sai ya kai kusa da kunne, don ya ji ƙas ɗin nan, in bai ji ba ya ajiye. Ya ce ranar da suka fara haɗuwa faɗa suka yi a kan jaki. Yana faɗa yana dariya, hancinsa a toshe da mura, ba ya jin warin komai.

A rana ta biyu Kawu ya tafi masallacin ƙauyen ya daɗe. Na lallaɓa wurin huhun. Ɗinkin Kawu ba ya kwantuwa sai an yanke, in an yanke kuma ya gane. Na samu wata 'yar kafa a kusurwa na tura yatsa biyu iya tsawonsu. Cikin da ɗumi kamar hammata. Na taɓo wani abu mai yauƙi. Da na zaro sai ga yatsuna baƙi-baƙi, kore-kore, ga wani wari mai nauyi, na wiwi da na ruɓa a haɗe.

"Ɗan nan, zo nan."

Hajiya Baraka ce, zaune a bakin darni tana tsince ƙirare na turarenta. Na je na tsuguna, hannuna a bayana.

"Ni hancina shi ne jarina," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Tun jiya nake jin wari biyu a kayan kawunka. Ɗaya na san shi. Ɗayan kuma na san irin masu shi."

"Ban gane ba, Hajiya."

"Ka gane sarai, ɗan banza mai idon saniya. Ni ba ruwana, turarena nake sayarwa. Amma ka faɗa masa tun kuna ku biyu. In an shiga mutane, ba kai za a kalla ba."

Na ce to. Na je na wanke hannu da toka. Kawu ya dawo, na karɓi sandarsa, na zuba masa ruwa a buta. Sau uku ina shirya maganar a bakina, sau uku ina haɗiye ta. Na riƙa gaya wa kaina wai wataƙila guda ɗaya ne ya narke, wataƙila in mun isa in samu in riga shi buɗewa.

Ana gobe sadaka da safe muka shiga Maraɗi. Ga amsarku: i, burodinsu ya kai sanda, a hammata suke saƙale shi ba ko takarda, su gutsura su tsoma a kofi mai madara. Titunansu a miƙe suke kamar an ja da igiya. Ƙananan babura masu feda sun cika gari suna kuka kamar sauro, jandarma, ɗan sandansu, na tsaye a mararraba ba ya ce wa kowa uffan amma kowa na tsoronsa. Na ga Turawan ma, uku, zaune a kan wata mota mai ƙura suna cin mangwaro da ɓawonsa. Na ga rumfar mai facin taya. Duk na gan su kamar ta bayan labule, huhu a kaina, ɗuminsa na ratsa gammo.

A zauren marigayi muka tarar da babban ɗansa, Usaini, da ƙannen marigayin, da wani dillalin goro abokin su Kawu, Malam Ɗan Jimma. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, Kawu ya share ido da bakin riga. Al'adar gidan ce goron da baƙo ya kawo a buɗe shi a gaban mutane a sa albarka. Usaini ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ce wa Kawu:

"Baba, tun yana kwance yake zancen goron nan. Yana cewa Mani na nan tahe da shi."

Kawu ya sa wuƙa ya yanke ɗinki, ya buɗe algarara, ya ɗage ganye. Na saman suka bayyana farare tas, suna sheƙi. Zaure ya ɗauki masha Allah. Ya riƙa ɗebowa da hannu biyu yana zubawa a tabarma. Ɗiba ta uku, ta huɗu. Sai na ga Usaini ya ɗan ja baya. Wani daga ƙannen marigayin ya kai hannun riga hanci.

Kawu ya sake zura hannu, ya tsaya. Da ya fito da shi, tun daga yatsu har wuyan hannu baƙin abu ne ya manne, da guntayen takarda, da zare yana reto. Curin nan uku sun narke sun zama ɗaya, sun bi tsakanin goro kamar kunu, hunhuna ta yi musu fari a sama. Goron tsakiya duk ya rine. Warin ya cika zauren, har mai mura sai ya ji.

Kawu ya ɗago guntun takardar ya duba. Akwai sauran rubutun buhun siminti a jiki. A gidanmu kaf mutum ɗaya ne ya yi aikin siminti. Bai dube ni ba. Ya dunƙule takardar a hannu, ya ja ganye ya rufe.

"Ruɓa ce," in ji shi. "Na cika masa ruwa a hanya. Tsufa ya zo, Usaini. Ku gafarce ni."

Malam Ɗan Jimma ya fi shekara arba'in yana shaƙar goro, ya san warin ruɓa kamar yadda ya san sunansa. Ya dubi Kawu, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ya ɗauki ɗaya daga fararen na sama, ya goge, ya fasa, ya ɗan tauna, ya juya gefe ya tofar a hankali. Goro kamar nono yake, duk warin da ya kwana da shi sai ya ɗauka.

"Allah Ya mayar da alheri, Mani," abin da ya ce ke nan.

Ni aka ba huhun in kai can bayan gidan. Na haƙa rami a gindin wata bishiyar dogon yaro na juye duka, fararen da baƙaƙen, na mayar da ƙasa. Ko a lokacin, Allah Ya yafe mini, sai da na ɗan tona da tsinke ko akwai abin da zai tsira daga nawa. Babu. Ba ka iya raba shi da ruɓaɓɓen ganye.

Washegari aka yi sadaka da goron kasuwa, sabo, ja, ƙanana, mai yauƙi a baki. Jama'a ta taru, malamai suka sauke Alƙur'ani, aka raba. Ina jin mutane a bayana suna cewa ashe Mani ma hannunsa ya fara rawa, wa ya ga daushe ya ruɓe a hannun Mani. Bayan an watse na ga Kawu ya tsuguna gaban limamin unguwar, na matsa kusa na ji. Tambayarsa yake hukuncin wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya tarar ba haka ba ne. Liman ya ce in ya rantse ne bisa abin da ya sakankance gaskiya ne, babu kaffara a kansa. Kawu ya yi godiya. Washegari duk da haka ya tashi da azumi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai canja mini ba. In an kawo tuwo ya tura mini gefen da ya fi miya. In zai tashi ya miƙo hannu in ɗaga shi. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na samu inda zan raɓe.

A hanyar dawowa Usaini ya ba shi buhun dabino. Muka zo shingen duwan da hantsi, ofis a buɗe. Ba wanda ya ce Kawu ya sauko, amma ya sauko da gwiwar tasa, ya ce in sauke buhun. Ya tafi gaban Mushe Garba.

"Garba, na zo in janye rantsuwata. Akwai abin da ke cikin huhun nan wanda ban sani ba."

Mushe Garba ya cire tabarau. "Mine ne?"

"Ya ruɓe, an binne shi."

"Wa ya sa shi?"

"Kayana ne. Ni ke da alhakin sanin abin da ke ciki. Daga yau a riƙa soka kayana kamar na kowa."

"Haba Mani, mu da kai?"

Kawu ya juya wurin ƙaramin ma'aikacin. "Bismilla, ɗana. Yi aikinka."

Ma'aikacin ya ɗauki ƙarfen kamar ba ya so. Sannan ya soka. Dabino biyu suka faɗo ƙasa, Kawu ya sunkuya da ƙyar ya tsince su ya hure musu ƙasa ya sa a aljihu. Ina nan tsaye, a karo na biyu a wuri ɗaya, na yi shiru.

A Jibiya ba mu samu motar Bugaje ba sai wadda ta sauke mu a mararraba, muka kama hanya da ƙafa. Ana ɗan yayyafi mai laushi, irin wanda ba ya jiƙa riga sai a hankali. Ranar azuminsa na uku ke nan. Yana gaba yana ɗingishi, ina baya da buhu, ina kallon wuyansa yadda ya rame a kwana biyar. Da muka kai wata tsamiya ya ce mu ɗan huta. Ya zauna a kan saiwa, ya miƙe ƙafar, ya lumshe ido.

Na ajiye buhun. Na cire hulata na ajiye a ƙasa, na durƙusa a gabansa a cikin laka. Na ce masa:

"Kawu, ni ne. Ka sani, amma ina so ka ji daga bakina. Wiwi ce na sarrafa na cusa a goronka ranar da ka tafi Azahar, don na san kayanka ba a buɗewa. Ina tsaye ka rantse ban hana ka ba. Ni na miƙa maka butar. An ce in faɗa maka a hanya na ƙi. Na bar ka ka ce tsufa ne a gaban mutane, alhali hannunka bai taɓa ɓata goro ba. Goron Alhaji Nomau ba ni da irinsa da zan mayar, rantsuwarka ma ba zan iya mayar maka da ita ba. Amma in ka yarje mini zan koma wurin Mushe Garba da zauren Usaini in faɗa da bakina, abin da za su yi mini su yi. Na cuce ka, Kawu, na cuci mamaci. Don girman Allah ka yafe mini."